Yayana ya rasu da bugun zuciya yana da shekara 42: mu haƙa rijiya ko mu ba masu bincike kuɗin?

Assalamu alaikum. Ni mace ce 'yar shekara 35, ina da aure da 'ya'ya uku. Wata biyar ke nan da rasuwar yayana. Shekararsa 42, siriri ne, ba ya shan taba, har ƙwallo yake bugawa da yamma. Ya kwana biyu yana kukan zafin ƙirji, muka ɗauka olsa ce, yana ta shan maganinta. Da abin ya tsananta aka kai shi asibiti, likita ya ce bugun zuciya ne, kafin asuba Allah Ya karɓi abinsa. Mahaifinmu ma yana da shekara 50 ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa. Likitan da ya duba Yaya ya ce mu 'yan'uwansa mu je a auna kitsen jininmu. Ni kaɗai na je. An ce LDL ɗina 6.8, wai kuma alama ce ta gado. Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba.

Dangi da abokan Yaya sun tara naira miliyan uku don a yi masa sadaka mai gudana. Babban wanmu yana son a haƙa rijiyar burtsatse. Ni kuma ina son a ba likitoci masu bincike, don a riƙa gano wannan cuta da wuri. Ya ce boko ya ɗebe ni, ajali ne kawai. Hajiyarmu ta ce in kama bakina kada a ce gidanmu da cuta, ga ƙanwata za ta auri ɗan Baffanmu bayan sallah. Yaya ya bar yara huɗu. Me zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Katsina

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Yayanki da mahaifinku, Ya raya abin da suka bari, Ya ba ku haƙuri. Kin yi abin da ya dace da kika je gwajin nan, ko da yake sakamakon ya hana ki barci. Kin tambaye ni inda za a kai kuɗi, amma zan fara da jikinki da na yaran gidanku, domin a nan gaggawar take. Maganar rijiya da bincike za ta iya jiran wata biyu ba a yi asarar komai ba.

LDL shi ne nau'in kolestarol, wato kitsen jini, da ke liƙewa a bangon jijiyoyin jini. Hanta ce ke tace shi daga jini, ta hanyar wasu ƙananan maƙamai da ke jikin ƙwayoyinta. Wanda ya gaji cutar yawan kolestarol da likitoci ke taƙaita sunanta da FH, kusan rabin maƙaman nan nasa ba sa aiki, sai kitsen ya riƙa taruwa tun yana jariri. Shi ya sa rashin ƙiba da buga ƙwallo ba su kare Yayanki ba: mai shekara 40 da ke ɗauke da ita, jijiyoyinsa sun yi shekara 40 suna shan wannan lodi, ba ciwo, ba alama. Kusan mutum ɗaya cikin 250 a duniya yana ɗauke da ita, kuma mafi yawansu ba su sani ba. In ba a yi magani ba, kimanin rabin mazan da ke da ita sukan gamu da ciwon jijiyoyin zuciya kafin su kai 50, mata kuma kusan kashi 30 cikin 100 kafin 60.

Lambarki ta 6.8 a ma'aunin mmol/L daidai take da kusan 263 a ma'aunin mg/dL. Ki riƙe wannan, domin dakunan gwaji a ƙasar nan suna amfani da ma'auni biyun, kuma mutane sukan rikice su kwatanta na wannan da na wancan. Ana ninka na farko da 38.7 a sami na biyu. A wajen babba, daga 4.9 mmol/L zuwa sama ake fara zargin gado. Akwai tsarin ba da maki da likitocin ƙasar Holan suka tsara, wanda ake amfani da shi a ƙasashe da yawa: lambarki ta ba ki maki 5, rasuwar ɗan'uwa namiji da ciwon zuciya kafin ya kai 55 ta ƙara 1. Maki 6 zuwa 8 na nufin akwai ƙwaƙƙwaran zato, sama da 8 kuma tabbas ne. Don haka likitan bai faɗi abin da ba shi da tushe ba.

Duk da haka ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Ki koma a sake aunawa, da safe, bayan kin yi awa 9 zuwa 12 ba ki ci komai ba sai ruwa, kuma ba a lokacin da kike fama da zazzaɓi ko kike da juna biyu ba, domin rashin lafiya mai tsanani kan saukar da lambar, ciki kuma kan ɗaga ta. Ki nemi a duba suga, da aikin ƙoda da fitsari, da hanta, da tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Raunin tayirod da ciwon ƙodar da ke zubar da sinadarin gina jiki a fitsari suna iya ɗaga kolestarol har ya yi kama da na gado, kuma maganinsu daban ne. Likita ya shafa agararki da jijiyoyin bayan hannu ko akwai ƙulluwar kitse, ya duba idonki ko akwai farin zobe a gefen baƙin. Ga mai shekara ƙasa da 45, wannan zobe shaida ce mai ƙarfi.

In da hali, ki sa a auna wani abu da ake kira Lp(a). Ba ya cikin gwajin kitsen jini na yau da kullum, sai an nema da sunansa. Shi ma gado ne kusan gaba ɗaya, abinci ba ya sauya shi sosai, don haka sau ɗaya a rayuwa ya isa a auna. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yana da shi da yawa, wato sama da 50 mg/dL ko 125 nmol/L, kuma mutanen da asalinsu Afirka ne sun fi sauran jama'a yawansa. Idan ya haɗu da FH, haɗarin yana ƙaruwa, sai likita ya ƙara matsa wa LDL lamba.

Abin da nake so ya dawo miki da barci shi ne, wannan cuta tana da magani mai araha da aka daɗe ana amfani da shi. Rukunin magungunan da ake kira sitatin, irin su atorvastatin da rosuvastatin, ƙwaya ɗaya a rana, suna iya sauke LDL da rabi ko fiye idan an ba da adadi mai ƙarfi. Ana sake gwaji bayan mako 6 zuwa 12. In bai sauka yadda ake so ba, ninka adadin ba ya ƙara ragi sai kamar kashi 6 cikin 100, shi ya sa likitoci suka fi son ƙara ezetimibe mai miligiram 10, wanda ke ƙara rage kusan kashi 20. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga lamba ta sauka ya ce ya warke, ya ajiye magani. Cikin 'yan makonni take komawa inda take, domin hantar ba ta sauya hali ba. Kuskure na biyu shi ne dogara da rage maiƙo kawai. Rage man shanu, kitse, kayan ciki da yawan manja, da ƙara wake, kuɓewa, kifi da ganye, duk suna taimakawa, amma ba za su sauko da 6.8 zuwa inda ake so ba. Ki sayi maganin a amintaccen kemis, mai lambar NAFDAC. Idan kin ji ciwon tsoka mai tsanani ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ki dakata ki ga likita a ranar. Kuma duk wanda zai rubuta miki wani magani ki gaya masa kina shan wannan, domin wasu, kamar clarithromycin, ba sa jituwa da shi.

Akwai abin da ya shafe ki a matsayinki na mace mai shekara 35. Ba a saba ba da sitatin ga mai ciki ko mai shayarwa ba, kuma akan so a dakatar da shi kamar wata uku kafin a nemi ciki. Don haka maigidanki ya zama mutum na farko da za ki zaunar. Ku je wurin likita tare, ku tsara lokacin haihuwa da lokacin magani, kada shekaru su yi ta wucewa tsakanin goyo da ciki ba ki taɓa samun kariya ba.

Yanzu ga dangi. Mutanenmu sun saba da gwajin sikila, inda sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita kafin ɗa ya kamu. FH ba haka take ba. Mahaifi ɗaya ya isa, kuma kowane ɗa, mace ko namiji, rabi da rabi ne: ko ya gada ko bai gada ba. Ke nan babban wanku, ƙanwarki, 'ya'yanki uku da marayun Yaya huɗu, kowannensu yana kan wannan rabin, in har zaton ya tabbata. Tunda alamu sun nuna ta wajen uba ta biyo, Baffa da gwaggonninku ma suna ciki, in kuma an samu a jikinsu sai a gangara kan 'ya'yansu. Ki ɗauki takarda ki zana dangin mahaifinku, ki sa alama a kan duk wanda ya rasu farat ɗaya ko ya sami ciwon zuciya da ƙuruciya, da shekarunsa. Ki kai wa likita ita. Tunda ba a binciki abin da ya kashe mahaifinku ba, likitan zai iya neman a yi wa manya gwajin bugawar zuciya da hotonta, domin akwai wasu cututtukan gado na tsokar zuciya da su ma kan kashe mutum nan take.

Yara ana iya auna su daga shekara 5, kuma bai kamata a wuce 10 ba a auna ba. A wajensu LDL da ya kai 4.0 abin dubawa ne, in kuma an tabbatar uwa ko uba na da cutar, ko 3.5 ma ba a yin sakaci da shi. Akan fara magani tsakanin shekara 8 zuwa 10. A Holan an bi sawun yara fiye da 200 da aka fara ba su sitatin tun suna ƙanana har tsawon shekara 20, aka wallafa sakamakon a 2019: zuwa shekara 39, kashi 1 cikin 100 ne kawai suka sami ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini, alhali a cikin iyayensu masu cutar kashi 26 ne. Wannan shi ne abin da za ki gaya wa matar Yaya, ke da ita, a natse. Ita ce uwar yaran, da yardarta za a taɓa su, kuma tana cikin nata jimamin. Kada ta ji kamar an zo mata da wani sabon mugun labari.

Tsoron Hajiya ba na banza ba ne. Ta binne miji da ɗa, ta kuma san yadda kalma ɗaya ke lalata auren yarinya. Ki tabbatar mata cewa gwajin jini ne na asibiti da kowa ke yi, sakamakon kowa sirrinsa ne, ba wanda zai kai shi gidan biki. Amma auren ƙanwarki da ɗan Baffa shi ne babban dalilin da ya sa ba zan goyi bayan shiru ba. Idan Baffa ya gaji abin da ake zaton mahaifinku ya gada, yana yiwuwa ango da amarya duka suna ɗauke da shi. In haka ta kasance, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɗan ya gada ta ɓangare biyu, kuma wannan nau'i mai tsanani ne: LDL kan haura 13, jijiyoyi kan toshe tun yaro bai balaga ba. In kuwa ɗayansu kaɗai ke da shi, ko ba ko ɗaya, babu abin da zai hana aure, sai dai a san za a auna 'ya'ya idan sun kai. Su biyun su yi gwajin kafin sallah, a haɗa da na sikila da sauran gwaje-gwajen aure, ba sai an yi shela ba. Ƙanwarki ce za ta fara sani, daga bakinki, kafin kowa.

Babban wanku kuma kada ki ja da shi a kan ajali, domin ke ma kin yi imani da shi. Ki tuna masa cewa neman magani umarni ne na addini, kuma shi kansa, namiji da ya girmi mamacin, shi ne ya fi kowa kusa da haɗari a gidan yau. Sau da yawa mai cewa ajali ne tsoron sakamako yake ji. In maganarki ba ta shige shi, ki nemi Baffa ko malamin da yake jin nauyinsa, ko ki roƙi likitan da ya duba Yaya ya rubuta 'yar takarda ga dangi. Abin da ƙanwa ta faɗa aka share, in likita ya rubuta akan karanta.

Sai kuɗin. Da farko ki tabbatar gudummawa ce tsantsa, ba a cakuɗa ta da gadon marayu ba, domin wannan ba mai ikon yin sadaka da shi. Na biyu, waɗanda suka bayar sun bayar ne da sunan sadaka mai gudana, don haka sauya inda za ta tafi yana buƙatar saninsu, ko aƙalla na manyansu, da fatawar malami. Rijiya alheri ce da ba a jayayya a kanta, kuma wanku bai yi kuskure da ya zaɓe ta ba. Ilimin da ake amfana da shi ma yana cikin abubuwa uku da hadisi ya ce ladansu ba ya yankewa, don haka ra'ayinki yana da madogara.

Yana kuma da hujja ta kimiyya. Yawancin abin da aka sani game da gadon ciwon zuciya an samo shi ne daga Turawa. A manyan binciken ƙwayoyin gado na duniya, mutanen da asalinsu Afirka ne ba su kai ko kashi 5 cikin 100 ba, shi ya sa gwajin ƙwayoyin gado kan iya dawowa bai ga komai ba alhali mutum yana da cutar. Amma duba abin da ya faru da aka waiwaye su. A birnin Dalas na Amurka, Helen Hobbs da Jonathan Cohen sun gano a 2005 cewa wasu baƙaƙen fata, kusan biyu cikin 100, suna da wani sauyi a ƙwayar gadon PCSK9 da ke sa LDL ɗinsu ya yi ƙasa, a 2006 kuma aka nuna ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu a cikinsu da kashi 88 cikin 100. Wannan ganowa tana cikin abin da ya share hanyar alluran rage kolestarol da aka amince da su a 2015, waɗanda ake ba masu FH da ƙwayoyin magani suka kasa wadatar da su.

Sai dai ki auna ƙarfin kuɗinku. Miliyan uku ba za ta ɗauki nauyin binciken ƙwayoyin gado ba. Irin wannan aiki manyan hukumomi ne ke ɗauka, kamar shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gado a Afirka, wanda cibiyar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka tallafa wa a baya, ko asusun bincike na TETFund a nan gida. Abin da kuɗinku zai iya yi, kuma ya yi da kyau, shi ne ƙaramin aiki mai iyaka: a sashen zuciya na wani asibitin koyarwa, irin na Aminu Kano ko na Shika ko na Sakkwato, a biya kuɗin gwajin kitsen jini ga 'yan'uwa da 'ya'yan duk wanda aka kwantar da bugun zuciya yana ƙasa da 55, a kuma buɗe rajistar waɗannan iyalai. Da wannan bin dangi gida-gida Holan ta fara shirinta a 1994, ta gano mutane fiye da 20,000. Likitocin da ke neman ƙwarewa dole ne su gabatar da kundin bincike kafin su zama kwansaltan, kuma da yawansu daga aljihunsu suke biyan gwaje-gwajen, don haka ba za a rasa mai son aikin ba.

In za ku bi wannan hanya, ku rubuta wa shugaban sashen, kada ku damƙa wa mutum ɗaya a hannu. Ku nemi ganin takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin kafin kobo ya fita. Ku karɓi kasafi a rubuce: mutum nawa za a auna, nawa kowane gwaji, cikin wata nawa. Ku biya ta asusun asibitin, kashi-kashi, kowane kashi bayan rahoton na baya. Tambayar da aka fi mantawa ita ce: wanda aka gano yana da cutar, wa zai gaya masa, kuma wane asibiti zai ci gaba da duba shi? Binciken da zai ɗebi jinin mutane bai mayar musu da sakamako ba, bai cancanci sadakar Yayanki ba. Ku kuma guji masu tallan neman tallafi a intanet da ba su da adireshin asibiti, da masu sayar da haɗe-haɗen wanke jijiya.

Shawarata ita ce a raba uku, a bisa wannan jeri. A fara da auna 'yan gida. Kowane babba ya biya wa kansa, na marayun kuma a nemi izinin masu gudummawa a cire daga kuɗin, tare da ajiye na maganinsu na shekara ɗaya ko biyu in an samu mai buƙata. Ki tambayi farashi a dakunan gwaji uku kafin taron dangi, ki je da lissafi a hannu. Abin da ya rage a bar wa wanku kaso mafi tsoka na ruwa, ko da za a haɗa da wasu a kammala rijiyar, a ware wani kaso na asibiti da sunan mamacin. In dangi sun ƙi kason asibitin gaba ɗaya, ki bar shi ya wuce ba tare da rigima ba, muddin sun yarda da gwajin. Kina iya komawa kansa daga baya da abokan Yaya, ko iyalinku su shiga binciken da ake yi a matsayin masu ba da jini da tarihi, wanda shi ma gudummawa ce da masu bincike ke nema ido rufe.

Abu ɗaya kuma da za ki koya wa kowa a gidan tun yau, har da mai cewa ajali ne. Nauyi ko matsi ko ƙuna a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15, musamman in ya bi hannu ko muƙamuƙi ko baya, da gumi ko tashin zuciya ko sarƙewar numfashi, a gidanku ba olsa ba ce sai gwajin zuciya ya ce olsa ce. A tauna asfirin miligiram 300 in mutum ba ya da matsala da ita kuma ba ya zubar da jini, a nufi asibitin da ke da na'urar gwajin zuciya nan take, wani ne zai tuƙa, kuma da an shiga a gaya wa likita shekarun da uba da wa suka rasu. Ki rubuta sunan asibitin da lambar mai mota ki manna a bayan ƙofar Hajiya.